Mai aiki ya ce in baje rubutu ya cika takarda, ya zan yi da maganar tazara?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum iyayen gida da yayyena. Ina neman shawara. Wata Islamiyya ta ba ni aikin takardar kuɗin makaranta da za a raba wa iyaye, A4 guda ɗaya. Aji shida ne, kowane aji da kuɗin karatu, kuɗin littafi da kuɗin inifom, sai lambar asusu a ƙasa. Na tsara a CorelDraw, na bar fili tsakanin aji da aji. Shugaban makarantar ya ce filin ya yi yawa, kamar an yi asarar takarda, in baje layukan daidai wa daida har su cika shafin. Na yi yadda ya ce, amma yanzu in ka duba sai ka rasa sunan ajin nan na kuɗin da ke samansa ne ko na ƙasansa. Ya zan yi masa bayani ba tare da ya ga kamar ina masa gardama ba?

Mai Maɗaba'a:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, mai kuɗi shi ke da aiki. Ka yi masa abin da ya ce, ka karɓi haƙƙinka. Mu da muka daɗe a harkar nan mun san mutanenmu ba sa son ganin farin waje a takarda. In ka bar fili sai a ce ka yi ha'inci ko ƙiwa.

Malamar Zane:
Yaya Mai Maɗaba'a, a nan kam ban bi ka ba. In fosta ce ta walima ko ta taron siyasa, sai in ce a bar mai aiki da zaɓinsa. Amma wannan takardar kuɗi ce. Uban da ya karanta kuɗin aji uku a matsayin na aji huɗu zai tura abin da ba shi ba, ya zo makaranta a yi ta cacar baki, ƙarshe a ce mai tsara takardar ne bai iya ba. Sunan yaron nan ne zai ɓaci.

Ƙanena, abin da ya faru da takardarka sananne ne, kuma an yi bincikensa tun shekara ɗari da suka wuce. A 1923 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jamus, Max Wertheimer, ya wallafa nazari kan yadda ido ke tattara abubuwa rukuni-rukuni. Shi da abokan aikinsa Wolfgang Köhler da Kurt Koffka su ne suka kafa mazahabar da ake kira Gestalt. Gwajinsa na farko ba shi da wani tarkace: ya jera ɗige-ɗige a layi ɗaya, tazarar farko milimita 3, ta biyu milimita 12, haka dai ana musanyawa. Kamar haka:

••    ••    ••    ••

Duk wanda ya duba bibbiyu zai gani. Ka gwada tilasta wa idonka ya haɗa ɗigo na biyu da na uku su zama tagwaye, za ka ga yana yi da ƙyar, kuma nan take ya koma yadda yake. Babu layin da ya ɗaure su, babu launi, babu rubutun da ya ce waɗannan tare suke. Kusanci kaɗai ya yi aikin. Kuma ido yana yanke wannan hukunci tun kafin mutum ya karanta harafi ɗaya.

To da ka baje layukanka daidai wa daida, ka goge alamar da ke gaya wa ido inda aji ya ƙare. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce: tazarar da ke cikin rukuni dole ta gaza tazarar da ke tsakanin rukuni da rukuni, kuma gazawar ta fito fili. Ni nakan fara da ninki biyu, in bai isa ba in ƙara. Sunan aji ya matso kusa da kuɗinsa, ya yi nesa da ajin da ya gabata.

Ɗan Kasuwar Rimi:
Malama, wannan ai mai tumatir ya riga Bajamushen saninsa. Ya shimfiɗa buhu ya kasa tumatir kashi-kashi, ba ya ja layi, ba ya sa kwano. Ɗan filin da ya bari tsakani shi ke nuna wannan kashin ɗari biyar ne. Ka tura su su haɗe, ciniki ya rikice. Ƙanena, ka kai wa shugaban makarantar wannan misalin, zai gane nan take.

Sabon Shiga:
Wallahi wannan misalin ya shige ni. Na gode Yaya.

Mai Maɗaba'a:
Na ji, kuma ban ce ƙarya ba ne. Amma ku masu aji kuna mantawa da kuɗin takarda. Fili ba kyauta ba ne. Mutum ya zo da bayanin da zai cika A4 ya ce a yi masa a A5, wato rabin A4, saboda rim ɗin takarda ya yi tsada, ina za ka samo ninki biyun? Mu abin da muke yi shi ne mu ja layi ko mu sa kowane aji a akwati. Layi siriri bai cin waje, kuma ya raba gardama.

Malamar Zane:
Wannan magana ce mai ƙarfi, Yaya, kuma bincike yana bayanka. A 1992 Stephen Palmer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa in aka kewaye abubuwa biyu da iyaka ɗaya, ido zai ɗauke su a matsayin 'yan gida ɗaya ko da kowannensu ya fi kusa da wani da ke wajen iyakar. Wato akwati na iya rinjayar kusanci. Bayan shekara biyu shi da Irvin Rock suka ƙara da cewa abubuwan da aka sadar da su da layi ma haka suke. Saboda haka in waje ya ƙure, akwati mafita ce ta gaskiya.

Inda nake da ja shi ne yadda muke mai da akwati maganin kowace cuta. Za ka ga takarda an yi akwati cikin akwati, kowane layi da kaurinsa, rubutu ya manne da bango kamar zai fasa shi. Kowane layin da ka ja, abu ne da ido zai tsaya ya duba. Sau da yawa wajen da ake cewa babu, yana nan, an dai rarraba shi ne inda ba ya aiki. Ka rage tazarar layukan cikin aji kaɗan-kaɗan, ka tara abin da ka samu ka zuba shi tsakanin azuzuwan. Girman takarda bai canja ba, amma ta koma tana karantuwa.

Ɗan Damagaram:
Salama alaikum 'yan uwa. Ni abin da ya tsaya mini a rai lambar asusun da ya ambata. Mu nan Nijar lambar waya takwas ce, kuma bibbiyu muke rubuta ta, haka muke faɗarta a baki. Ku a Najeriya goma sha ɗaya ce, na ga kuna yin huɗu, uku, huɗu. Amma in aka zo lambar asusun banki, guda goman nan, sai in ga an rubuta ta a dunƙule a fosta, ba ko numfashi. Dattijo ya ɗauko waya zai tura kuɗi, ya duba takarda, ya duba waya, ya dawo ya rasa inda ya tsaya, balle in akwai sifiri uku a jere.

Ku duba katin ATM. Yawancinsu lamba goma sha shida ce, an raba ta hurhuɗu. Lambar katin wuta da ake loda wa mita guda ashirin ce, ita ma hurhuɗu, kashi biyar. Waɗanda suka tsara su sun san ba mai iya riƙe lamba ashirin a ka lokaci ɗaya, amma kowa na iya riƙe huɗu.

Mai Manhaja:
Gaskiya ne, amma a yi hattara da wuri ɗaya. A takarda ka raba lambar asusu uku, uku, huɗu, babu laifi. Amma in saƙon WhatsApp ne da mutum zai kwafa ya liƙa a manhajar banki, ka bar ta a haɗe, don wasu manhajojin suna ƙirga filin a matsayin harafi, sai su yanke lambobin ƙarshe ko su ƙi karɓa. Mai karantawa da ido daban, mai kwafa da yatsa daban.

Ɗan Damagaram:
Madalla, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba.

Baba Mai Allo:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Ni ban san kwamfuta sosai ba, allon shago nake rubutawa da buroshi, kafin nan kuma na yi karatun allo. Abin da kuke faɗa mun same shi wurin malamanmu, ba da wannan suna ba. A rubutunmu na Warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. To ka ga in almajiri ya matse layuka, ɗigon fa na layin sama sai ya sauko ya zauna a kan harafin layin ƙasa, mai karatu ya ba shi ga wanda ba nasa ba. Shi ya sa malam zai ce ka buɗa tsakanin layi, ka kuma ajiye ɗigo da wasali a jikin harafinsu. Masu rubuta Alƙur'ani da hannu kuma sun ƙara da launi: wasali da jar tawada, hamza da rawaya, alamar sadarwa da kore. Ko wuri ya matse, launin zai taimaka a gane wane ne wane.

A allon shago ma haka ne. Sunan shago, abin da ake sayarwa, lambar waya: abu uku ne, kuma mai wucewa a kan babur kallo ɗaya zai yi. In ka cuɗe su, bai ga ko ɗaya ba.

Malamar Zane:
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da ka kawo na launi shi ne ƙa'ida ta biyu da Wertheimer ya lissafa a wannan nazarin, cewa abubuwa masu kama da juna ido na haɗa su. Ya kuma gwada abin da ke faruwa in kama da kusanci suka ja hannun riga, kowanne na jan ido gefensa. Marubutanmu sun sa su aiki tare maimakon su yi karo.

Mai Maɗaba'a:
To ni dai har yanzu ina ganin ana kambama abin. Takarda ce fa. In mutum bai gane ba ya tambaya.

Mai Bibiyar Siyasa:
Ranka ya daɗe, akwai takardar da ba a tambaya a kanta, ita ce ƙuri'a. Bari in ba ka labarin zaɓen Amurka na watan Nuwamban 2000. A gundumar Palm Beach ta jihar Florida an tsara ƙuri'ar shugaban ƙasa a shafi biyu masu fuskantar juna, sunaye hagu da dama, ramukan da ake hudawa kuma a jere a tsakiya. Dalilin yin haka mai kyau ne: gundumar na da tsofaffi da yawa, aka so a ƙara girman rubutu, sai sunayen suka ƙi shiga shafi ɗaya. A hagu George Bush ne na farko, Al Gore na biyu. Amma rami na biyu ba na Gore ba ne, na Pat Buchanan ne da ke shafin dama. Na Gore shi ne na uku. Buchanan ya tashi da ƙuri'a 3,407 a gundumar da ba a san shi da jama'a ba, har shi da kansa ya ce yana ganin da yawansu ba shi aka nufa ba. An kuma soke ƙuri'u kusan dubu goma sha tara a nan saboda an huda fiye da rami ɗaya. Bush ya ci jihar Florida da ratar ƙuri'a 537, kuma da ita ya zama shugaban ƙasa.

Ka lura, neman ƙara girman rubutu ne ya jawo. Kamar na ƙanenmu ne, an canja tsari da kyakkyawar niyya, mai karatu ya rikice.

Mai Manhaja:
Labarin gaskiya ne, amma ni ina ganin matsalar Palm Beach ta fi karkata ga jeri. Mutum ya ga suna na biyu, ya ƙirga rami na biyu. Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne na gundumar Broward, a Florida ɗin dai, a 2018. An sa dogon bayanin yadda ake zaɓe a ginshiƙin hagu, sai aka cusa zaɓen sanata a ƙarƙashinsa, zaɓen gwamna kuma ya hau saman ginshiƙi na gaba. Mutane da yawa suka ɗauki duk ginshiƙin hagun a matsayin bayani, suka tsallake. Kimanin mutum dubu ashirin da biyar da suka zaɓi gwamna ba su taɓa gurbin sanata ba, alhali ratar da ta raba 'yan takarar sanatan, Rick Scott da Bill Nelson, a duk jihar kusan dubu goma ce. Ba na cewa da sakamakon ya juya, wannan ba wanda zai rantse. Amma gurbi guda ya ɓace wa dubban mutane don kawai ya zauna kusa da abin da ba a karantawa.

Mai Bibiyar Siyasa:
Na karɓi wannan, naka ya fi zama daram. Mu ma nan gida abin dubawa ne. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne a ƙuri'a ɗaya, tambari kan tambari, kuma ƙuri'un da aka soke sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Dalilan lalacewar ƙuri'a suna da yawa, ba zan ɗora wa tsari kaɗai ba. Amma duk wanda ya dangwala a ranar ya san yadda gurabun suka matsu, ga babban yatsa da tawada. A 2023 jam'iyyu 18 ne, takardar ta fi sakewa.

Sabon Shiga:
Na koma wurin shugaban makarantar da samfuri biyu, na roƙe shi ya ba wani malami ya nemo kuɗin littafin aji huɗu a kowanne. Ya zaɓi mai tazarar, amma ya ce in ƙara siririn layi tsakanin azuzuwan. Na sa. Lambar asusun ma na raba ta. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Mai Maɗaba'a:
Ka ga layin nawa ya shiga dai. Allah ya sa albarka a sana'a, ƙanena.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, ina bakin aiki. Ni ba mai zane ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a zauren nan, amma maganar ta taɓa aikinmu kai tsaye. Kun fi magana kan abubuwan da ya kamata su kusanci juna. Mu abin da ke ba mu tsoro shi ne abubuwan da suka manne alhali ya kamata a raba su.

Akwai wata cibiyar kula da amincin magunguna a Amurka, ISMP, da ke fitar da jerin salon rubutun da ke jawo kuskure. Cikin misalanta akwai sunan magani da ya ƙare da harafin l, aka manna masa adadi ba tazara. Inderal40 mg sai a karanta shi 140, domin harafin ƙarshen ya koma kamar lamba ɗaya. Tegretol300 mg ya zama 1300. Haka in aka manne adadi da ma'auni, 10mg, a rubutun hannu harafin m kan yi kama da sifiri, goma ta zama ɗari ko fiye. Maganin duka fili ne guda ɗaya, daidai faɗin harafi. Ku da kuke buga mana takardun magani da lakabin kwalba, don Allah kada ku matse wannan filin don rubutu ya shiga layi.

Mai Manhaja:
Anti, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tarihin irin wannan a na'ura ya daɗe. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta faɗuwa a kan ciki bayan sun sauka lafiya. Ana ta cewa sakacin matuƙa ne, har wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba wurin zaman matuƙin a 1943 ya ga makunnin naɗe tayoyi da makunnin fiffiken rage gudu suna dab da juna, kuma kamarsu ɗaya. Mutum ya gaji, ya miƙa hannu zai ɗaga fiffike, sai ya naɗe taya. Aka liƙa ƙaramar tayar roba a kan ɗaya, aka sa wa ɗayan kai mai siffar fiffike, hannu ya riƙa banbance su ba sai an duba ba.

A waya yau muna maimaita wannan. Maɓallin aikawa dab da na sharewa, launi ɗaya, girma ɗaya. Ƙa'idar tsarin Android ta Google ta ce abin taɓawa kada ya gaza ma'auni 48 a tsawo da faɗi, a kuma bar aƙalla 8 tsakaninsu. Apple ta ce 44. Ni in abu na gogewa ne ko na fitar da kuɗi, takwas ɗin nan ba ta isar mini, nakan kai shi wani gefen daban.

Malamar Zane:
A nan zan ɗan ja da kai, ƙanena. In ka kai maɓallin fasawa can wata kusurwa, mutumin da ya ga ya sa adadin da ba daidai ba zai neme shi ya rasa, domin yana sa ran zaɓin biyu suna wuri ɗaya, tunda amsar tambaya ɗaya ce. Ni gara su zauna a yanki ɗaya, da tazara mai kyau, amma siffarsu ta bambanta: ɗaya cike da launi, ɗaya rubutu kawai. Abin da Chapanis ya yi ke nan ai, siffa ya canja.

Mai Manhaja:
Ga fasawa na yarda, Malama, domin fasawa ba ta ɓarna, ana iya sake farawa. Amma goge asusu ko goge duk hotuna, wannan ba zan ajiye shi kusa da abin da yatsa ke taɓawa kullum ba, ko da wane launi ne. Mai tafiya a Keke Napep yana latsa waya, hanya na jijjiga shi, launi ba zai tare masa yatsa ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Mu ma haka muke yi da allurai masu haɗari, ba a ajiye su a layi ɗaya da na yau da kullum ko da kwalbar ta bambanta. Yaya Mai Maɗaba'a, in an kawo maka lakabin magani kuma sunan da adadin sun ƙi shiga layi ɗaya, ya kake yi?

Mai Maɗaba'a:
Hajiya, wannan kam ba na matsewa. Sunan magani a layin sama, adadi da ma'auni a layin da ke bi masa kai tsaye, da kauri, sannan in bar fili kafin yadda ake sha. In wurin ya ƙi, tambarin shagon nake ragewa. Zan kuma gaya wa yaran shagona maganar harafin l ɗin nan gobe da safe, don su ne ke buga yawancin lakabin.